Ibn Baɗuɗa: Ɗan Ɗanja da ya bar gida shi kaɗai, bai dawo ba sai bayan shekara 24

A ranar 2 ga watan Rajab na shekara ta 725 bayan Hijira, wato tsakiyar Yunin 1325, wani saurayi ɗan shekara 21 ya fita daga birnin Ɗanja da ke gaɓar teku a arewacin Maroko da niyyar sauke farali. Bai shiga ayari ba, ba shi kuma da abokin tafiya, alhali a wancan zamani ko attajiri mai bayi da makamai ba ya yarda ya kama hanyar Makka sai cikin jama'a. Sunansa Abu Abdullahi Muhammad bin Abdullahi Allawati, amma duniya ta fi saninsa da Ibn Baɗuɗa. An haife shi a watan Fabrairun 1304, a gidan malamai 'yan ƙabilar Lawata ta Barbar, gidan da ya gaji alƙalanci bisa mazhabar Malikiyya. Ya bar mahaifinsa da mahaifiyarsa da ransu, kuma Allah bai ƙaddara zai sake ganin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Aikin Hajji daga Maroko a lokacin yakan ci shekara guda da 'yan watanni, zuwa da dawowa. Shi kuwa sai da ya shekara 24 kafin ya sake taka ƙasar haihuwarsa, ya huta kaɗan, ya ƙara wasu shekaru a Andalus da ƙasar Mali. Masu lissafi sun ƙiyasta tafiyarsa baki ɗaya da kusan kilomita 120,000, a yankunan da a yau suka kasu ƙasashe sama da 40. Kaso mai tsoka na wannan tafiya a bakin ruwa aka yi shi, daga wannan tashar jiragen ruwa zuwa waccan, kuma a irin waɗannan garuruwa ne labarinsa ya fi armashi, domin a nan ne ya yi ta samun dukiya yana rasa ta.

Darasin farko a hanyar Tunis

Bai yi nisa ba ya gane cewa kaɗaici a hanya ba abin alfahari ba ne. A Tilimsan ya ji labarin wasu jakadu biyu na sarkin Tunis da suka riga shi tashi, ya bi sawunsu har ya cim musu, daga baya kuma ya haɗu da wasu fatake suka gangara Aljazira, suka bi gaɓa zuwa Bijaya. A Bijaya abubuwa biyu suka faru waɗanda suka zauna masa a rai. Ɗaya daga cikin fataken ya rasu ya bar dinari 3,000 na zinariya, ya kuma damƙa su amana a hannun wani mutum don ya kai wa magadansa a Tunis. Da gwamnan garin ya ji, sai ya sa aka ƙwace kuɗin. Wannan shi ne zaluncin mahukunta na farko da saurayin ya gani da idonsa, kuma ya riƙa auna sarakunan da ya haɗu da su daga baya da wannan ma'auni na yadda suke yi da dukiyar baƙon da ya mutu a ƙasarsu.

Abu na biyu zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Wani abokin tafiya mai suna Azzubaidi ya ba shi shawarar ya zauna har ya warke, ya ƙi, yana ganin in ajali ne gara ya same shi fuskarsa na kallon Hijaz. Da Azzubaidi ya ga ba zai lanƙwasu ba, sai ya ce to ya sayar da dabbarsa da duk kayan da ke da nauyi, shi zai ara masa abin hawa da tanti, domin hanyar da ke gabansu ta 'yan fashi ce, sai mai sauƙin kaya ke tsira a cikinta. Matasan Turai da ke yawon duniya a yau da jaka ɗaya a baya, suna kwana a masaukai masu arha, a kan wannan shawara ta Azzubaidi suke tafiya ko da ba su taɓa jin sunansa ba.

A Kusanɗina ruwan sama ya jiƙa su sharkaf, gwamnan garin ya ga tufafinsa sun yi daƙal-daƙal, ya sa aka wanke su, ya ba shi mayafi da dinari biyu ƙulle a gefensa. Ita ce sadaka ta farko da ya karɓa a hanya, kuma daga ita ya fahimci abin da zai ciyar da shi shekaru masu zuwa, wato hakkin matafiyi da girman malami a ƙasashen Musulmi. Zazzaɓin ya dawo masa bayan sun bar Buna, har sai da ya ɗaure kansa a kan sirdi da rawaninsa don kada ya faɗo, tun da tsoron 'yan fashi ya hana su tsayawa. Da suka iso ƙofar Tunis mutanen gari suka fito tarbar 'yan uwansu, ana ta gaisawa ana rungumar juna, shi kuwa ba wanda ya ko dube shi. Nan ya fashe da kuka, sai wani alhaji ya lura, ya matso ya yi ta jan sa da hira har suka shiga gari.

Wata biyu ya yi a Tunis, a wata makaranta ta unguwar masu sayar da littattafai. Da ayarin alhazai ya haɗu, sai aka naɗa shi alƙalin ayari, shi da ya shigo garin ba wanda ya san shi. Suka bi bakin teku ta Susa da Safaƙus da Ƙabis zuwa Ɗarabulus. A wannan ɗan tsakanin ya yi aure, ya saɓa da surukinsa, ya saki matar, ya auri wata 'yar wani malamin Fas, har ya tsayar da ayari yini guda don walima. Wannan hali na aure a zango da saki idan tafiya ta tashi ya bi shi har ƙarshen yawonsa, kuma littafinsa, da ke iya ɓata shafi guda wajen siffanta kyautar wani sarki, yakan wuce labarin matan nan da 'ya'yan da ya bari a jimla ɗaya.

Ya shiga Iskandariya a watan Afrilun 1326. Tsohuwar hasumiyar nan da ke haska wa jiragen ruwa hanya ya tarar gefenta ɗaya ya rushe, da ya dawo a 1349 kuwa ko ƙofarta ba a iya kaiwa. A Dimyaɗ ya ga tsarin da ma'aikatan shige da fice na yau za su gane nan take: ba mai fita daga garin ta ruwa ko ta tudu sai da hatimin gwamna, manyan mutane a ba su takarda, talaka kuwa a buga masa hatimin a damtse ya nuna wa masu gadin ƙofa. Daga Alƙahira ya bi Kogin Nilu zuwa Aizab don ya tsallaka Bahar Maliya, ya tarar mutanen Beja na yaƙi da dakarun Mamluk, an nutsar da jiragen, dole ya juyo ya bi ta Sham. Ya yi Hajjinsa na farko a ƙarshen 1326, ya zaga Iraƙi da Farisa, ya koma Makka ya zauna karatu.

Daga Jidda zuwa Kilwa

Tsakanin 1328 da 1330 ne ya fara hawa teku, daga Jidda, kuma da fargaba ya hau. Jiragen wannan yanki ba a haɗa katakonsu da ƙusa, ɗinke su ake yi da igiyar zaren ɓawon kwakwa, domin tekun cike yake da duwatsu a ƙarƙashin ruwa, jirgin da aka ɗinke yakan ɗan ba da kai idan ya yi karo, mai ƙusa kuwa sai ya tsage. An yi masa tayin wani jirgi ya ƙi shiga don ya ga an loda raƙuma a ciki. Wanda ya shiga ɗin ma iska ta juya shi ta jefa su gaɓar Sudan, sai da suka yi hayar raƙuman Beja zuwa Sawakin kafin su sake tsallakawa Yaman.

Adan ya same ta gari ne tsakanin duwatsu, ba shuka ba itace, ruwan sha sai na sama da ake tarawa a tafkunan dutse, amma attajiranta har akwai mai mallakar babban jirgi shi kaɗai da duk kayan da ke cikinsa. Zaila, a gaɓar Somaliya, warin kifi da jinin raƙuman da ake yankawa a lunguna ya sa ya gwammace kwana a cikin jirgi duk da teku na tangaɗi.

Bayan kwana 15 a ruwa suka isa Mogadishu, kuma a nan ya ga wata al'ada da duk wanda ya san harkar fatauci a ƙasar Hausa zai ji kamar a gida. Da zarar jirgi ya tsaya, samarin gari sukan zo a ƙananan kwale-kwale, kowanne ɗauke da akushin abinci a rufe, ya miƙa wa ɗaya daga cikin fataken jirgin, daga nan falken ya zama baƙonsa. A gidansa zai sauka, shi zai sayar masa da kayansa, shi zai sayo masa abin da yake so, kuma duk cinikin da aka yi da baƙon a bayan idon mai masaukinsa ba ya ɗauruwa. Aikin fatoma ke nan da na dillali a haɗe, irin wanda ya riƙe cinikin goro da shanu tsakanin Kano da Gwanja ɗaruruwan shekaru. Shi Ibn Baɗuɗa da aka ji malami ne ba falke ba, sai aka ce baƙon alƙali ne, aka kai shi gaban Sarki Abubakar, wanda mutanensa ke kira Shehu, aka sauke shi a gidan ɗalibai. Abincin da aka kawo masa shinkafa ce da man shanu, da miyar kaza da nama da kifi, da ɗanyar ayaba dafaffiya cikin madara, da mangwaro, ya kuma lura cewa mutum ɗaya na Mogadishu yana cin abin da jama'a guda za su ci a Maroko.

Kwana ɗaya ya yi a Mombasa, ya wuce Kilwa da ke gaɓar Tanzaniya ta yau. Arzikin Kilwa zinariya ce da ake kawowa daga Sofala, tafiyar rabin wata a kudu, kuma sarkinta Hasan bin Sulaiman ya yi suna da kyauta har ana yi masa laƙabi da Abul Mawahib. Kangon fadarsa, Husuni Kubwa, yana nan har yanzu a bakin ruwa. A nan iyakar tafiyarsa ta kudu ta tsaya, domin jiragen Tekun Indiya bayin iska ne. Daga Nuwamba zuwa Maris tana kaɗawa daga arewa maso gabas ta kai su gaɓar Afirka, daga Afrilu kuma ta juya ta maido su. Wanda ya makara sai ya zauna jiran wata shekara.

Tafiyar ƙasa mafi wuya da ya yi a bakin teku gajeriya ce ƙwarai. Bayan ya bar Zufar, garin da ake fitar da dawaki zuwa Indiya ana kuma ciyar da dabbobi da ƙananan kifi, jirginsu ya tsaya a Sur ta ƙasar Oman. Daga nan ana hango birnin Ƙalhat kamar a miƙa hannu a taɓa, aka ce masa in ya tashi da azahar zai isa kafin la'asar. Ya ɗauki wani ma'aikacin jirgin haya ya nuna masa hanya, ya ba shi ƙullin tufafinsa ya ɗauka, wani Ba'indiye mai suna Halliru ya bi shi. Ashe jagoran tufafin yake hari. Ya kai su wani mashigin ruwa da teku ke cikawa, ya nace su tsallaka ta nan, da nufin su nutse ya gudu da kayan. Ibn Baɗuɗa ya gane, ya girgiza mashin da ke hannunsa, suka zaga ta tudu cikin ƙishirwa da duwatsu masu yanka ƙafa. Dare ya same su a fili, ya cusa tufafin cikin rigarsa, ya kwana a zaune da mashi a hannu, jagoran ma bai runtsa ba. Da safe ya shiga Ƙalhat ƙafafunsa a kumbure, jini na neman fita ta ƙarƙashin farce, ya yi kwana shida bai iya miƙewa ba.

Yadda ya zama mai dukiya

Bayan wani Hajjin ya shiga jirgin mutanen Janowa daga Lazikiyya zuwa Alanya a gaɓar Turkiyya. A Antaliya wani mutum cikin tsummokara ya gayyace shi cin abinci, ya yi jinkirin amsawa don kada ya ɗora wa talaka nauyi, sai aka gaya masa ai baduku ne kuma shugaban ƙungiyar masu sana'a kusan 200. Waɗannan ƙungiyoyi, da ake kira Akhi, suna ko'ina a Anadol. Matasan sukan kawo abin da suka samu a yini su haɗa da yamma, su sayi abinci, su ciyar da duk baƙon da ya shigo gari har ya tashi. A kan irinsu, da wakafan masallatai da makarantu, da kyautar sarakuna masu son a gan su da malamai, ya yi tafiyar da ba don haka ba sai mai taskar zinariya.

Ya tsallaka Baƙin Teku daga Sinob cikin guguwa, ya ƙirga jirage kusan 200 a tashar Kaffa, ya je fadar Uzbak Khan, ya raka wata gimbiya Kusɗanɗiniya, ya ratsa tsakiyar Asiya ya isa Kogin Sindu a watan Satumban 1333 bisa lissafinsa. A wannan lokaci saurayin da ya yi kuka a ƙofar Tunis ya zama mai dawaki da bayi da ƙwaraƙwarai. Sarkin Delhi, Muhammad bin Tugluƙ, ya naɗa shi alƙali da albashin dinari 12,000 a shekara, duk da cewa shi Bamalike ne a ƙasar Hanafawa, sai da aka haɗa shi da mataimaka biyu su riƙa yin ainihin aikin. Da wannan albashi ya ci bashin dinari 55,000, sarki ya biya masa. Tugluƙ mutum ne mai yawan kyauta da yawan zubar da jini, kuma da zargi ya faɗa kan Ibn Baɗuɗa saboda ziyarar wani shehi da sarki ya kashe, sai da aka tsare shi kwana tara yana azumi yana jiran takobi. Bayan ya tsira ne sarki ya naɗa shi jakada zuwa Sin, da kyautar dawaki 100 da bayi da kuyangi ɗaruruwa da tufafi masu tsada.

Kalikut

Gaɓar Malabar, ƙasar masoro, tafiyar wata biyu ce a ƙasa daga Sandabur zuwa Kaulam, duk a inuwar itatuwa, kuma kowane rabin mil akwai rumfar katako da benci da rijiya don matafiya. A Hinaur ya ƙirga makarantun 'yan mata 13 da na maza 23, abin da ya ce bai gani a wani gari ba. A Kalikut suka tarar da jiragen Sin 13, suka zauna wata uku suna jiran iska. Manyan jiragen, yadda ya siffanta su, hawa huɗu ne, kowanne na ɗaukar mutum 1,000, ma'aikata 600 da mayaƙa 400, da ɗakuna masu makewayi da makulli, har ma'aikatan na shuka ganye da citta a cikin akwatunan katako.

Neman jin daɗi ne ya cece shi, shi ne kuma ya tsiyata shi. An loda kyautar sarki da sauran jakadu a babban jirgi, shi kuwa ya ce ɗakin da aka ba shi ya yi masa kaɗan da kuyanginsa, aka mai da kayansa wani ƙaramin jirgi, ya tsaya a tudu don sallar Juma'a. Kafin ya shiga guguwa ta taso. Babban jirgin ya tarwatse a bakin gaɓa, kyautar ta nutse, aka tsinci gawarwakin abokan jakadancinsa, Zahiruddin da Sunbul. Ya ga sarkin Kalikut da kansa a bakin ruwa, da ɗan zane a ƙugu da ƙaramin rawani, dogarawansa na dukan masu son wawashe abin da teku ta tofo. A sauran garuruwan Malabar kayan jirgin da ya fashe na baitulmali ne, a Kalikut kaɗai ake mai da wa masu shi, kuma a ganinsa wannan doka ce ta sa fatake suka cika garin. Ƙaramin jirgin da ya ga abin da ya faru sai ya ɗaga ya tafi da kayansa da bayinsa da kuyanginsa, ya bar shi a tsaye da dinari goma da dardumar da yake kwana a kai.

Komawa Delhi ya ba da labari na nufin sa wuya a takobi. Ya yi tafiyar kwana goma zuwa Kaulam ko zai cim ma jirgin, bai same shi ba. Ya koma Hinaur ya shige masallaci wata uku yana sauke Alƙur'ani kullum, daga baya ya nufi tsibiran Maldif a ƙarshen 1343. Ya so ya ɓoye ko shi wane ne, aka gane shi, kuma fadar Sarauniya Khadija ba ta yarda malamin da ya yi alƙalanci a Delhi ya wuce haka nan ba. Aka naɗa shi alƙali, ya auri mata huɗu daga manyan gidaje, ya sa bulala ga masu ƙin sallar Juma'a, ya hana al'adar sakakkiyar mace ta ci gaba da zama a gidan tsohon mijinta. Ƙoƙarinsa na sa matan tsibirin su rufe ƙirji kuwa bai wuce zauren shari'arsa ba. Aurensa cikin manyan gidaje ya sa waziri ya fara jin tsoronsa, suka ɓata, ya ajiye aiki ya tafi.

A Maldif ne ya ga inda wuri yake fitowa. Ana tsamo shi daga teku, a zuba a ramuka har naman ya ruɓe ya bar farin ƙoƙon. Ana sayar da 400,000 a dinari ɗaya, wani lokaci ma ya faɗi ƙasa da haka. Mutanen Bangal na karɓarsa su ba da shinkafa, jiragen Yaman kuma na zuba shi a ƙasan jirgi maimakon rairayi don ƙarin nauyi. Shekaru bayan haka ya tarar da wannan wuri a Mali da Gawo ana canjin 1,150 a dinari. Wannan tazara ta farashi ita ta yi ta jan wurin Maldif zuwa Afirka ta Yamma, har Tarihin Kano ya rubuta isowarsa ƙasar Hausa a zamanin Sarki Sharefa, a farkon ƙarni na 18.

Ya hau dutsen Annabi Adamu a Sarandib, wato Siri Lanka, jirginsa ya fashe a gaɓar gabashin Indiya, ya tsira, sannan jiragen 'yan fashin teku 12 suka tare shi kusa da Hinaur suka raba shi da komai, har da duwatsu masu daraja da sarkin Sarandib ya ba shi da rubuce-rubucen da ya kwafo daga kaburburan malaman Bukhara. Da wando kaɗai aka ajiye shi a gaɓa. Ya koma Kalikut ya shiga masallaci, wani malami ya aiko masa da riga, alƙali ya aiko da rawani, wani falke ya ƙara masa wata rigar, ya sake kama hanya.

Ta Bangal da Sumatra ya isa Zaitun, wadda ake kira Kwanzhou a yau, tashar da ya ɗauka mafi girma a duniya. Tsarin mulkin Sin ya ba shi mamaki: kuɗin takarda mai faɗin tafin hannu da hatimin sarki, wanda in ya yage ake canza shi kyauta, rajistar duk wanda ya shiga jirgi, da tuhumar mai jirgin in wani ya ɓace, masaukan hanya inda jami'i ke rubuta sunayen baƙi da dare ya kulle ƙofa, da safe ya kira sunan kowa. Duk da haka ransa bai kwanta da ƙasar ba, yakan kulle kansa a ɗaki don rashin ganin alamun Musulunci. A wani birni ya haɗu da wani malami attajiri mai suna Albushri, suka yi ta kallon juna, da tambaya ta kai tambaya sai ga shi mutumin Sabta ne, maƙwabciyar Ɗanja, su biyun suka yi ta kuka. Bayan shekaru ya sauka a gidan ɗan'uwan wannan mutum a Sijilmasa, bakin Sahara.

Komawa gida

Ya iso Dimashƙ a 1348, annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa na tafe tana share garuruwa. A nan ya ji cewa mahaifinsa ya rasu shekara 15 da suka wuce, ɗan da aka haifa masa a birnin bayan tafiyarsa shi ma ya daɗe da rasuwa. Ya sake yin Hajji, ya bi ta Iskandariya da Tunis da tsibirin Sardiniya, kuma yana dab da Fas a ƙarshen 1349 aka gaya masa annobar ta ɗauke mahaifiyarsa. Ya ziyarci kabarinta a Ɗanja, bai daɗe ba ya tsallaka Andalus. A hanyar Marbella zuwa Malaga wasu mahaya 12 da ya so ya bi suka riga shi tashi, ya tarar maharan Kirista da suka sauko daga jirage sun kashe ɗaya sun kama goma.

A watan Fabrairun 1352 ya bar Sijilmasa ya ratsa Sahara zuwa Mali. Kyautar maraba da Mansa Sulaiman ya aiko masa, gurasa uku da soyayyen nama da ƙwaryar nono, dariya ta ba shi, domin ya saba da rigunan alharini da jakunkunan dinari, kuma a nan kwaɗayinsa ya fito fili. Amma ya yaba wa mutanen Mali da tsaron hanya da ƙin zalunci, musamman da ya ga idan baƙon falke ya mutu ba a taɓa dukiyarsa komai yawanta, sai a ajiye ta wurin amintacce har magaji ya zo, akasin abin da ya gani a Bijaya yana saurayi. Ya bi ta Tambutu da Gawo zuwa Takadda, wadda masu binciken kufai ke dangantawa da Azelik a jihar Agadas ta Nijar. A can ya ga ana narka tagulla ana yin sanduna da ita, ana kai ta Barno, tafiyar kwana 40, da wata ƙasa da ya kira Kubar, wadda masana tarihi da dama suka ɗauka Gobir ce. Bai shiga ƙasar Hausa da ƙafarsa ba, amma wannan na cikin ambaton Gobir mafi daɗewa a rubuce. Ya bar Takadda a Satumban 1353 cikin ayarin da ke kore da kuyangi kusan 600, ya ambaci adadin kamar yadda yake ambaton adadin raƙuma, ya isa Fas a farkon 1354.

Sarki Abu Inan ya umarce shi ya zauna ya faɗi abin da ya gani, wani marubuci ɗan Andalus mai suna Ibn Juzayy ya rubuta ya gyara, aka kammala shiftar a watan Disamban 1355. Littafin shi ne aka fi sani da Rihla. Tun a lokacin akwai masu ƙaryata shi, Ibn Khaldun ma ya ambaci yadda mutanen fada ke raɗe-raɗi a kan labaransa na dukiyar sarkin Delhi. Masu bincike na baya sun gano cewa an ɗebo wasu siffofin Dimashƙ da Makka daga littafin Ibn Jubair, suna kuma shakkar zuwansa Bulgar da Beijin. Abin da ya faɗa game da Mogadishu da Kilwa da Malabar da Maldif kuwa, kufai da tsofaffin kuɗaɗe da sunayen sarakuna sun gaskata mafi yawansa, ga shi kuma daga ka ya faɗe shi bayan 'yan fashi sun raba shi da takardunsa.

Ya ƙare rayuwarsa yana alƙalanci a wani gari na Maroko, ya rasu a shekara ta 770 bayan Hijira, wato 1368 ko 1369. Littafin ya ci gaba da yawo a hannun 'yan tsirarun malamai a arewacin Afirka kusan shekara 500, har Faransawa suka kwashi kwafe-kwafensa daga Aljeriya zuwa Faris, inda Defrémery da Sanguinetti suka buga shi da Larabci da fassarar Faransanci cikin juzu'i huɗu tsakanin 1853 da 1858.